Ta warke daga kansar jini, yanzu ta dage sai karatun nas: ina masana?

Uwar_Ɗalibai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce a kan wata ɗaliba 'yar shekara 19. Tana gama sakandare kansar jini ta kwantar da ita. An yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, an yi mata ƙarin jini sau da yawa, har ta yi kwanaki a sashen kulawa ta musamman. Yau wata 8 da kammala magani, likitoci sun ce cutar ta lafa. Yanzu ta kafe sai karatun nas, wai abin da nas-nas suka yi mata take so ta yi wa wasu. Uwa tana tsoron a mayar da ita cikin masu cuta da jikin da bai gama ƙwari ba, uba kuwa ya ce a ƙyale ta. Wannan dalilin nata zai iya riƙe ta har ta gama? Jikin zai ɗauka? Kuma a wajen neman shiga, ta faɗi ciwon ko ta yi shiru?

Sista_Babba: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara mata lafiya. Dalilin mai kyau ne, sai dai majinyaci gefe ɗaya na aikin yake gani. Yana ganin wadda ta zo ta riƙe masa hannu lokacin da ake neman jijiya. Ba ya ganin ƙidayar magani, da cike takardar awo, da miƙa rahoto idan za a sauka daga aiki, da kwashe fo, da juya mara lafiyar da ba ya motsi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito masa, da 'yan uwan majinyaci masu zagi. Kafin a biya kuɗin komai, a nema mata izini ta bi wata nas a ɗakin marasa lafiya na mako 2 ko 3, daga karɓar aiki har sauka, tana tsaye inda nas ta tsaya. A haɗa mata da aikin dare ko da sau ɗaya. Idan ta fito tana tambayar me ya sa aka yi kaza, akwai alama. Idan ta fito labarin jinyarta kawai take maimaitawa, a ƙara mata lokaci.

Ɗan_Lab: Ni ta jini zan fara, domin ko zaman bin nas ɗin da Sista ta faɗa bai kamata a yi shi ba sai an ga takardar gwaji. A yi cikakken ƙidayar jini. A mace baliga, himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, ƙasa da giram 12 a desilita ƙarancin jini ne, kuma mai shi za ta riƙa jin jiri idan tsayuwa ta yi tsawo. Sai fararen ƙwayoyin da ake kira niyutirofil, su ne masu tare ƙwayoyin cuta: sama da 1,500 a maikirolita shi ne abin da aka saba so, ƙasa da 500 kuwa haɗari ne babba, mai irin wannan ba ya kusantar ɗakin marasa lafiya sai a matsayin majinyaci. A lura, baƙar fata da yawa adadinsu na asali yana ɗan ƙasa da 1,500 ba tare da wata cuta ba, saboda haka likitan jininta ne zai fassara lambar, kada a fassara ta a gida. Tunda an yi mata ƙarin jini da yawa, a gwada ciwon hanta nau'in B da C da kuma ƙanjamau tun yanzu, a ajiye sakamakon. Ranar da allura ta soke ta a wurin aiki, wannan takardar ce za ta nuna yadda take kafin lamarin.

Maman_Biyu: Allah sarki. Ni dai ina bayan uwar. Wanda ya fito daga wannan hali a bar shi ya huta mana.

Malamin_Jinya: Hajiya Maman_Biyu, hutu ba ya hana shiri. Batun rigakafi shi ne inda ake yawan yin sakaci. Kemo yana iya goge kariyar da rigakafin yarinta ya bari, don haka ba a dogara da tsohon kati. Na ciwon hanta B allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Bayan ta ƙarshe da wata 1 zuwa 2 sai a auna kariyar a jini, ana so ta kai 10 ko fiye a ma'aunin da ake amfani da shi. Idan ba ta kai ba a sake zagaye. Kun ga wannan kaɗai ya cinye wata 7 zuwa 8, gara a fara kafin a shiga makaranta, kada lokacin fita asibiti ya zo kariya ba ta kammala ba. Rigakafin da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, irin na ƙyanda da na ƙarambau, ba a yin su sai an yi aƙalla wata 3 da gama kemo kuma cutar ta lafa. Idan cikin magungunanta akwai irin wanda ke kashe ƙwayoyin garkuwa na B, kamar rituksimab, wata 6 ake jira. Likitan kansarta ne zai sa hannu.

Mai_Magani: Ƙari a kan maganar Malam. Kowa yana cewa "an yi mata kemo" kamar magani ɗaya ne. A karɓo takardar taƙaitaccen bayanin maganin da aka yi mata, da sunan kowane ɗaya da jimillar abin da ta sha, domin kowanne da inda yake barin tabo, kuma tabon yana taɓa aikin nas kai tsaye. Binkiristin yana taɓa jijiyoyin yatsu: mutum ya riƙa jin dindiris ko kamar ana tsira masa allura. Nas kuwa da kan yatsa take laluben jijiya, da shi take jin bugun jini, da shi take fasa kwalbar allura. Doksorubisin da danginsa suna iya raunana tsokar zuciya, wani lokaci sai bayan shekaru abin yake bayyana, shi ya sa ake yin hoton zuciya na eko lokaci zuwa lokaci. Sitiroyid mai yawa na tsawon lokaci yana iya kashe ƙashin kan cinya, alamarsa ciwo a matsematsi ko ƙugu idan an yi tafiya ko tsayuwa. Ba kowa ke samun waɗannan ba. Amma gara a gano su a ɗakin likita da a gano su a tsakiyar aikin awa 12.

Nas_Ɗin_Yara: Kun cika tsoratarwa wallahi. Duk abin da kuka lissafa gaskiya ne, amma ba wanda ya faɗi abin da yarinyar take da shi wanda sauran 'yan ajinta sai sun yi shekaru kafin su koya. Jiki magayi. Wadda ta kwanta ta san ba a kunna babban fitila da ƙarfe 2 na dare don awon zafin jiki, ƙaramar tocila ta isa. Ta san filasta ana cire ta ne a hankali, a kwance, ana bin inda gashi ya kwanta, ɗayan hannun yana danne fata. Ta san idan aka tura ruwa cikin kanula, 'yar robar da ake bari a jijiya, da sauri yana zafi har kafaɗa. Ta san kalmar "ba zafi" ƙarya ce, gara a ce "za ki ji tsini, ki ja numfashi". Waɗannan su ne suke sa yaro ya miƙo hannu gobe ba sai an danne shi ba.

Sista_Babba: Ba mu musa ba, ƙanwata. Amma wannan sanin yana da ɗaya gefen. Ɗalibai masu irin tarihin nan sukan faɗa cikin abu biyu. Na farko, su riƙa ba majinyaci labarin kansu: "ni ma na yi irin ciwonki na warke, ke ma za ki warke." Ba ta san matakin cutar waccan ba, ba ta san abin da likita ya gaya wa iyalin ba, ta yi alkawarin da ba nata ba ne. Sannan hira ta juya, majinyaciya ce yanzu take tausaya wa nas. Na biyu, su manne wa mai irin ciwonsu, su zauna gefen gadonsa rabin awa alhali akwai gado 10 da ke jiran magani. Ranar da wannan majinyacin ya rasu kuwa, tambayar "me ya sa ni na tsira shi bai tsira ba" tana iya kwantar da mutum.

Likitan_Ƙwaƙwalwa: Wannan gaɓar ta Sista ita ce tawa. Wanda ya kwanta a sashen kulawa ta musamman yakan fito da abin da ba a gani a gwajin jini: mafarkin firgita, rashin barci, mantuwa, da bugun zuciya idan ya ji ƙarar na'urar da ke gefen gado. Masu kemo kuma akwai wani abu sananne: ƙwaƙwalwa ta haɗa warin asibiti da amai, sai mutum ya ji tashin zuciya daga shaƙar warin sifirit kawai, ba tare da an ba shi komai ba. Alamomin da za a duba su ne ko tana kauce wa hanyar asibiti, ko abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa, ko tana zabura da ƙaramin motsi. Idan sun wuce wata 1 kuma suna hana ta harkokinta, a kai ta ga masani. Ana maganinsa ta hanyar zama da tattaunawa da aka tsara musamman don firgici, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi sosai. Samun wannan ba ya nufin ba za ta yi nas ba. Abin gudu shi ne ta fara gano shi ranar da aka tura ta sashen da ta taɓa kwanciya, a gaban malamai.

Talib_99: Tambaya: makaranta za ta iya cire mata zuwa sashen masu kansa gaba ɗaya?

Malamin_Jinya: Akan iya jinkirta shi ko a canja mata jeri, a fara da wani sashen. Amma awannin aikin asibiti ba a yafe su, domin da su ake ba da lasisi. Misali, dokar Tarayyar Turai ta ce karatun nas aƙalla shekara 3 ne, awa 4,600, kuma aƙalla rabi a gaban majinyata. Kowace ƙasa da nata lissafin, amma duk inda kuka je wanda ya rasa awanni sai ya rama. Shi ya sa mai zuwa ganin likita akai-akai ya kamata ta kai jadawalin ganin likitanta tun farkon zango a tsara da shi.

Kuma bari na faɗi wani abu da ba a taɓo ba. Abin da ya fi kayar da ɗaliban shekarar farko shi ne ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, da lissafin magani. Tausayi ba ya cin wannan jarabawar. Ga gwaji a ba ta: likita ya rubuta ruwa mililita 1,000 ya shiga cikin awa 8, robar ƙarin ruwan tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ɗigo nawa a minti? Na biyu: an rubuta wa yaro miligiram 250, kwalbar ta ce miligiram 125 a cikin mililita 5. Mililita nawa za a ba shi?

Talib_99: Na biyun 10 ne. Na farkon 125 na samu.

Mai_Magani: 125 ɗin mililita ce a awa, ita ake sa wa na'ura idan akwai. Da hannu kuwa: 1,000 sau 20 ya ba ka ɗigo 20,000, ka raba da minti 480, ya ba ka 41 da ɗoriya, wato ɗigo 42 a minti. Kuma kullum a duba jikin ledar robar, domin ta yara ɗigo 60 ce a mililita. Wanda ya saita ɗigo 125 a minti da robar manya ya tura ruwan awa 8 cikin ƙasa da awa 3, kuma ga mai raunin zuciya ko ƙoda wannan ruwan huhu yake tafiya.

Baban_Tarihi: Tunda an zo nan, ita kanta Florence Nightingale da ake bikin ranar nas-nas ta duniya a ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ta kamu da zazzaɓi mai tsanani a 1855 lokacin yaƙin Kirimiya, kuma ta yi shekaru masu yawa tana fama da jiki bayan haka. A cikin wannan halin ta kafa makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860. Kuma da alƙaluma ta ci gwamnati, ta nuna cewa cututtuka sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. Tun kafin ita da ƙarnoni akwai Rufaida Al-Aslamiyya, wadda a tantinta aka yi jinyar Sa'ad bin Mu'az bayan yaƙin Khandaƙ.

Nas_Ɗin_Yara: Baba, ita Nightingale ta zaɓi aikin tun kafin ciwon, kuma bayan ciwon yawancin aikinta daga ɗaki ta yi shi da alƙalami. Tamu yarinyar ɗaga majinyaci za ta yi. Mu koma kanta.

Mai_Gashin_Ƙashi: To ga batun ɗagawar. Ciwon baya yana cikin manyan abubuwan da ke fitar da nas daga aiki, har masu cikakkiyar lafiya. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗauka na nauyin majinyaci a wajen kilo 16, abin da ya wuce haka sai da na'ura ko da taimako. Wadda ta daɗe a kwance tsokar cinya da ta baya sun zube, kuma ba sa dawowa da cin abinci kawai. Ta fara tafiya ta minti 15 a rana, tana ƙara minti 5 duk mako har ta kai minti 45 ba haki. Ta haɗa da tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau 10, zagaye 3. Idan ta ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya ɗauke fiye da ƙima, ko ƙafa ta kumbura, ta tsaya ta koma ga likita, saboda abin da Mai_Magani ya faɗa a kan zuciya.

Maman_Biyu: Ni fa aikin daren ne ke damuna. An ce shi ma yana jawo cutar kansa.

Ɗan_Lab: Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa aikin dare a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa ne" suna jawo ta, a 2007, ta sake tabbatarwa a 2019. Amma hujjar a kan mutane taƙaitacciya ce, kuma ta fi karkata ga kansar mama da ta hanji da ta furostet (ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) bayan shekaru ana yi. Ba dalilin hana ta karatu ba ne. Wanda aikin dare ya fi yi wa barazana nan take shi ne mai farfaɗiya, domin rashin barci yana tayar da ita, da mai ciwon suga da ke allurar insulin, saboda lokacin abinci yana rikicewa. Ga wannan yarinyar ni tarin fuka ya fi tsaya min a rai. A yi mata gwajinsa kafin ta fara, kuma ta san takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare shi, sai takunkumi na musamman da ake kira N95, wanda ya zauna daidai a fuska.

Sista_Babba: Da kuma allura. A koya mata tun yanzu: ba a mayar wa allura murfi bayan an yi amfani da ita, nan ma sukar tana yawan faruwa. Kai tsaye cikin kwalin allurai, kuma kwalin idan ya kai kashi 3 cikin 4 a rufe shi. Idan allura ta soke ta, ta wanke da sabulu da ruwa mai gudu, ba matsewa ba tsotsa, ta kai rahoto a take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana so a fara shi cikin awanni, ba ya wuce awa 72, ana sha kwana 28. Haɗarin ƙanjamau daga suka ɗaya da allurar da aka yi wa mai cutar wajen 3 ne cikin 1,000, na ciwon hanta B ga wanda ba shi da rigakafi kuwa yana iya kai 30 cikin 100. Ɗalibai sukan ɓoye don tsoron faɗa, sai awannin su wuce.

Jami'in_Ɗaukar_Ɗalibai: Tambaya ta uku, ta faɗi ciwon ko ta yi shiru, ba a amsa ta ba. Wuri biyu ne, kada a haɗa su. Takardar binciken lafiya: a faɗi gaskiya duka, a haɗa da wasiƙar likitan kansarta mai cewa an gama magani a wata kaza, cutar ta lafa, tana iya karatu da aikin asibiti, ga abin da za a kiyaye. Ɓoyewa a nan idan ta fito daga baya ana ɗaukarta ƙarya a takarda, kuma sana'ar nan ba ta wasa da wannan. Wajen ganawa ko rubutun "me ya sa kike son aikin" kuwa, zaɓinta ne. Idan za ta faɗa, jimla 2 ko 3 sun isa. Masu tantancewa sun ji "nas-nas sun kula da ni" har sun gaji. Ta kawo abu ɗaya takamaimai da ta ga nas ta yi, ta faɗi abin da ta fahimta game da dalilinsa, sannan abin da ta yi tun bayan warkewa: bin nas a asibiti, kwas ɗin taimakon gaggawa, gyara sakamakon kimiyya. Kuma ta shirya wa tambayar da za a yi mata tabbas: yaya za ki yi idan aka ba ki majinyaci mai irin ciwonki?

Talib_99: Idan jikin bai ba da dama ba fa? Shikenan burin ya mutu?

Mai_Magani: Akwai sauran fannonin lafiya: gwaje-gwaje, haɗa magani, ɗaukar hoto, ilimin abinci. A cikin nas ɗin ma bayan lasisi akwai lafiyar al'umma, koyarwa, asibitin je-ka-ka-dawo. Sai dai kafin a kai can dole a bi ta ɗakunan kwanciya.

Nas_Ɗin_Yara: Kada dai a fara yi mata tallan wata hanya tun ba a gwada ta a wannan ba. Yarinyar da aka yi shekara ana yanke mata hukunci a kan jikinta ba tare da an tambaye ta ba, yanzu ta ce ga abin da take so. A ba ta jerin gwaje-gwajen nan a hannunta, ita ta kai wa likita, ita ta yi tambayoyin.

Maman_Biyu: Ni har yanzu da za a bi tawa, ta ƙara shekara ɗaya.

Uwar_Ɗalibai: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura mata. Ta ce lissafin ruwan ta samu 42. Amma ta ce har yanzu kan yatsunta biyu na hannun dama suna mata dindiris, musamman da safe, ba ta taɓa faɗa wa likita ba don ta ɗauka ba komai ba ne.

Mai_Gashin_Ƙashi: Ta faɗa masa a zuwa na gaba. Irin wannan yakan ragu a hankali cikin watanni, wani kuma yakan zauna. Kafin nan ta gwada a gida: ɓalle maɓallin riga da ido a rufe, tsintar allurar ɗinki daga kan tebur, da jin bugun jini a wuyan hannun wani ta ƙirga na minti ɗaya. Ta rubuta wanda ya ba ta wuya, ta maimaita bayan wata ɗaya, ta tafi da takardar.

Ɗan_Lab: Hajiya, abu ɗaya ba ki faɗa mana ba: kemo kaɗai aka yi mata ko har da dashen ɓargo? Idan akwai dashe lissafin Malam ya canja gaba ɗaya, rigakafin yarinta duka ake sakewa daga farko, kuma na ƙyanda sai an yi wata 24. Ki tambayo mana.